Geron da Aka Ɗinke da Gawo

Tela ta kafa ƙafafunta shida a kan kunyar farko tun rana ba ta yi zafi ba, ta sunkuyar da kai, ta soka allurarta cikin ƙasa. Na'ura ce mai girman akuya, kuma ma'aikata ne suka raɗa mata wannan suna, don sunanta na takarda ya yi tsawon da ba mai iya faɗinsa sau biyu. Allurar takan nutsa har kamu uku tana lalube. In ta taɓa saiwar gawo sai ta ɗan tsaga ta, ta cusa wani farin zare mai laushi, ta jawo ɗaya bakin zaren sama ta manna shi a jikin ƙwayoyin geron da ta riga ta zuba a ramin. Sai ta rufe ramin da ƙafar baya, ta yi taku ɗaya, ta sake. Ba ta shan ruwa, ba ta neman inuwa.

Dakta Ladidi Jatau tana biye da ita da allon lura a hannu. Ita ce shugabar masu bincike a Cibiyar Tsirrai ta birnin Tudun Ƙarfe, kuma shekararta tara a kan wannan zare, har ta fara furfura a kansa.

Shekara ashirin da uku ke nan ba a yi ruwan sama a Tudun Ƙarfe ba. Ba wai an yi kaɗan ba, a'a, ko yayyafi. Ruwan sha injuna ne ke tatso shi daga iska, a raba wa kowane gida da awo. Abinci kuwa daga manyan tankuna yake fitowa, gansakuka ce ake kiwo a busar a niƙa, a tuƙa wani koren abu a kira shi tuwo. Wanda ya fara kiransa tuwo, Allah ya yafe masa. A bayan ganuwar birni, inda faifan hasken rana suka shimfiɗu iyakar ganin ido, abu ɗaya ne ya rage da rai: tsofaffin itatuwan gawo guda sittin, waɗanda saiwarsu ta bi ruwa can ƙarƙashin ƙasa inda ko injin haƙa ya gaza.

Tunanin Ladidi mai sauƙin faɗa ne. Mutanen da sun san auren itace: ka yanko reshen mangwaro mai zaƙi ka ɗaura a gindin mai ƙarfi, su haɗe su zama jiki ɗaya. Amma aure ba ya kamawa sai tsakanin dangi, ba a taɓa ɗaura gero a gawo ya yi ba. Sai dai akwai wata ciyawa da ba ruwanta da dangantaka, wato ƙuduji, annobar da manoma suka fi tsana a zamanin da. Ita takan liƙe wa saiwar hatsi, ta huda ta, ta haɗa jijiyarta da tasa ta yi ta zuƙa. Daga naman ƙuduji Ladidi da abokan aikinta suka raini wannan zare a cikin kwalabe. Zare ne mai rai, in aka ɗinka shi tsakanin tsiro biyu sai ya zama bututu, gawo ya jawo ruwa daga zurfi, gero ya sha.

A bakin gonar wani tsoho na zaune a kan buhu, ya dogara haɓarsa a kan sanda. Baffa Cindo ke nan, yayan mahaifin Ladidi, kuma geron da Tela ke binnewa nasa ne.

Duk birnin ba wanda ya rage da irin gero sai shi. Tun shekarar da ruwa ya ɗauke yake shuka 'yan gindi talatin a tsofaffin bokitai a tsakar gidansa, yana tarar ruwan alwalarsa a kwano yana ba su. Shekarar da ta yi kyau ya sami rabin mudu, wadda ba ta yi ba ya sami cikin tafi. Ya zuba a tulu, ya gauraya da toka, ya liƙe baki. Maƙwabta sun yi masa dariya har sun gaji sun bari.

Shekara biyu da suka wuce ya ba Ladidi cikin tafi guda, ta gwada a ɗakin gilashi na Cibiya kusa da 'yan ƙananan gawo, abin ya yi kyau har zubi biyar. A bana ta dawo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce tulun take so gaba ɗaya.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, kuma bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba, "manomi ba ya juye iri duka a ƙasa. Ko damina ta fi kowace kyau, ana rage kashi ɗaya a gindin tulu."

"Na sani, Baffa. Amma majalisar birni ta ce in ba su ga gona cikakkiya a bana ba, za su sare gawon nan su shimfiɗa faifai a wurin. Rabin gona ba zai cika musu ido ba. In ta yi, baɗi kowace unguwa za ta sami iri."

"In ba ta yi ba fa?"

"Sau biyar na gwada, Baffa."

Tsohon ya daɗe yana kallon tulun. Da wani ne ya zo da wannan magana, da sanda zai raka shi ƙofa. Amma mutum ba ya duban mai sunan uwarsa ya ce mata a'a, ko da kuwa jaririya ce a zani, balle Dakta guda. Ya tashi ya ɗauko tulun ya ajiye a gabanta, ya juya fuska bango.

Shukar ba ta tafi sumul ba. Kunya biyu kawai Tela ta yi allurarta ta karye a kan dutse, sai da aka yi mako biyu kafin Injiniya Tasi'u, wanda ya ƙera ta, ya haɗa wata. Daga nan aka ƙarasa gonar cikin kwana uku.

Gero ya fito, kuma fitowa ta ban mamaki. A tsakiyar ƙasar da ta ƙone ta yi fari, sai ga kore shar, kara ya yi kauri, ganye na sheƙi. Mutane suka riƙa fitowa a motocin sama suna shawagi a kan gonar, har sai da aka sa doka. 'Yan majalisa suka zo da manyan riguna aka ɗauke su hoto suna riƙe da ganye, ciki har da wanda ya fi kowa nacewa a sare gawon. Gero ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi. Baffa Cindo kullum yana nan a kan buhunsa. Wata rana ya matse ƙwaya ɗaya da farce, farin ruwa ya fito, ya ce saura kwana goma sha biyu.

Washegari bayan la'asar iska ta juya. Gabas ta haɗa baƙi ƙirin, wani ƙamshi ya taso wanda rabin mutanen birnin ba su san shi ba. Da aka yi tsawar farko yara suka ruga ɗaki suna kuka, iyayensu kuma suka fito waje suna nasu kukan. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tsofaffi suka yi sujada a cikin taɓo, mata suka jera duk wani abin da ke da baki a tsakar gida. Ladidi ma tana tsaye a bakin gona, ta cire tabarau, ta ɗaga fuska sama tana dariya.

Baffa Cindo bai dubi sama ba. Gawon da ke gabansa yake kallo.

"Uwata, zo nan. Kin ce abin da gawo ya sha shi gero ke sha?"

"Haka ne, Baffa."

"To, abin da gawo ya yi niyya fa, shi ma yana bin zaren?"

Ladidi ta daina dariya, ta juya ta dubi gawon.

Gawo ba kamar sauran itatuwa yake ba. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, shi ke da ganye. Da zarar damina ta sauka ƙasa ta jiƙa, sai ya zubar da ganyensa kaf, ya daina jan ruwa, ya kwanta barci har kaka ta wuce. Shi ya sa a zamanin da manoma ke son sa a gona, ba ya yi wa hatsi inuwa. Ladidi ta san wannan, ta karanta shi a layi ɗaya cikin wani tsohon littafi tun tana ɗaliba. Amma ba ta taɓa ganin gawo tsirara da idonta ba, ita da duk wanda ke aiki a ƙarƙashinta. Shekara ashirin da uku itatuwan nan ba su sami dalilin yin barci ba.

Abin takaicin ma, sun yi tanadin wannan tun farko. Itace yana aika saƙo cikin jikinsa da wasu sinadarai, su ke gaya wa ganye ya tsaya ko ya faɗi. Zaren farko yana da ƙulli a tsakiya, mataci da ke barin ruwa ya wuce ya tare saƙo. Sai dai ƙullin na rage ruwan da rabi, gero na fitowa a tsumbure. Suka tambayi Madubin Sama, babbar na'urar hasashen yanayi ta birnin, ta ce ba ruwa nan da shekara talatin. Sai suka cire ƙullin. Ladidi ce ta sa hannu, kuma ko minti biyar ba a yi ana tattauna batun ba.

"Baffa, me ya sa ba ka yi magana ba?" ta tambaya.

"Na ɗauka kun sani. Wa zai tsaya gaban Dakta yana koya mata halin gawo? Ai ko akuya ta san shi."

A rana ta uku ganyen gawo ya fara zuba, ƙanana-ƙanana, ya rufe kunyoyi. A rana ta huɗu gero ya fara yin rawaya daga ƙasa zuwa sama. Yana tsaye cikin ƙasar da ta sha ruwa ta ƙoshi, amma yana bushewa. Abin ba kyan gani.

Tasi'u ya ce a yanke zaren kawai, tunda ga ruwa nan ko'ina, gero ya sha da kansa. Ladidi ta durƙusa ta tone gindi ɗaya da hannu ta miƙa masa. Inda ya kamata a ga gashin saiwa ya bazu, ba komai sai wani dunƙule kamar kan babban yatsa, da farin zare a jikinsa.

"Ina saiwar?" in ji Tasi'u.

"Bai yi ba. Tun yana ƙwaya muke kai masa ruwa har baki, me zai yi da saiwa?"

"Amma a ɗakin gilashi..."

"A ɗakin gilashi zangarniya muke aunawa, Injiniya. Wa ya taɓa tone gindi?"

Sun yi ta maza, wannan kam ba za a hana su ba. Suka ce bari su yaudari gawon ya ɗauka rani ne. Aka kwaso ledoji da tantuna aka shimfiɗa a gindin itatuwa, aka jawo injunan hura zafi daga masana'anta aka kunna. Ladidi ta haɗa maganin da zai toshe saƙon, aka sa wa Tela a allura ta bi gindi-gindi tana yi, har ƙafafunta suka kafe a taɓo aka ciro ta da igiya. Duk a banza. Saiwar gawo ta wuce faɗin kowane tanti, kuma ruwa bai ɗauke ba sai da ya kwana tara. A cikin gari ana ta kiɗa da rabon goron roba, a bayan ganuwa kuma Ladidi na tafe tsakanin karan da suka sunkuya tana murza zangarniya, ba komai ciki sai ƙaiƙayi. Kunya da baƙin ciki suka hana ta haɗa ido da Baffa.

Shi ne ya kira ta. Yana tsaye a kan kunyoyi biyun nan da aka shuka kafin allura ta karye, waɗanda suka riga sauran da mako biyu. Ya murza zangarniya a tafinsa, ya hure, sai ga ƙwaya, ta ƙosa tsaf.

"Wannan ya riga barcin," in ji shi. "Ɗauko wuƙa."

Zangarniya arba'in da ɗaya suka samu. Da aka sussuke aka sheƙe, ya kusa cika mudu. Ladidi ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, na farin ciki. Iri bai ɓata ba, ga kuma ruwa ya dawo, ba a ma bukatar zare.

Baffa Cindo bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauko sunguminsa da ya yi tsatsa, ya sari rami ashirin a tsakar gidansa, daga bakin zaure har gindin wani zogale da ruwan wanke-wanke ya raya kusa da madafa, ya zuba iri ya take da diddige. Gero a jiƙaƙƙiyar ƙasa kwana uku yake yi ya huda. Aka yi uku, aka yi biyar, aka yi bakwai. Ciyawar da ba wanda ya shuka ta fito ko'ina, har a kan katanga, amma ramukan Baffa shiru, sai guda ɗaya, na gindin zogale. Shi kam ya fito da ƙarfinsa. Kwana huɗu bayan haka zogalen ya yi laushi, ganyensa ya rataye.

Ladidi ta tone ramukan. Ƙwayoyin na nan lafiya lau, ba su ruɓe ba, ba su tsaga ba. Ta tone na gindin zogale, ta ga tsiron ya fid da farin zare da kansa, ba Tela, ba allura, ya miƙa shi ya huda saiwar zogalen ya liƙe.

Wuni biyu ta yi a Cibiya kafin ta yarda da abin da na'urorinta ke nuna mata. Tsiron da ke zuƙar wani ba ruwa kaɗai ke ratsa tsakaninsu ba, har da 'yan guntayen rubutun gado, wanda ke gaya wa 'ya'ya yadda za su kasance. Zaren ya zuba nasa rubutun a cikin geron tun daga ƙwaya. Ita kuwa ƙwayar ƙuduji tana da wani hali: takan kwanta a ƙasa shekara da shekaru ba ta motsa ba, ko da ruwa ya yi mata yawa, sai ta ji ƙamshin saiwar wani a kusa sannan ta farka. A gwaji biyar ɗin da Ladidi ke taƙama da su, ba ta taɓa shuka geron shi kaɗai ba, kullum da ɗan gawo a gefensa. Ta gwada irin da ya rage a ɗakin gilashi, shi ma haka.

Da hantsi ta je gidan Baffa, ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

"Wato ba zai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba," in ji shi.

"Ba zai tsaya ba, Baffa. Amma ana iya shuka shi da rani a gindin gawo. Kuma in ka bar min ko cikin cokali ne, zan kulle shi a Cibiya. Ka ba ni shekara biyar, wataƙila in cire masa wannan halin."

"Na ji an ce mutanen kudu za su kawo irin dawa da wake, tunda ruwa ya dawo."

"Haka ne, suna hanya. Gero ne dai ba su da shi."

"To, in tsuntsu ya ɗauki ƙwaya ɗaya ta wannan ya yar a gonar wani fa? Kin ce yana iya kwanciya a ƙasa yana jira."

"Zan kiyaye, Baffa."

"Na san za ki kiyaye, Uwata. Wancan karon ma kin kiyaye."

Bai faɗa da zafi ba, shi ya sa ta fi jin ciwonsa. Ya sa ta tone ramuka ashirin ɗin nan, suka tankaɗe ƙasar da rariya suka tsince kowace ƙwaya. Ya sa ta kira Tasi'u ya kawo na ɗakin gilashi, ya kuma ce a ƙone gonar bayan ganuwa har gindi. Sannan ya shiga ɗaki ya mirgino turmin matarsa marigayiya, ya goge shi da gefen rigarsa, ya juye geron duka a ciki, ya yayyafa ruwa.

"Baffa, iri ne fa," ta ce a hankali.

"A da iri ne. Karɓi taɓarya."

Ba ta iya daka ba, ba ta taɓa yi ba. Taɓaryar na zamewa tana bugun bakin turmi, shi kuwa yana zaune yana gyara mata, ki sassauta kafaɗa, ki bar nauyinta ya yi aikin. Ta surfa, ta wanke, ta mayar ta daka, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. Duk saukar taɓarya ji take kamar a ƙirjinta. Ya sa ta ƙona dusar a murhu. Da garin ya yi laushi ya zuba ɗan ruwa ya cuɗa da hannunsa, ya dunƙula gumba biyu, ya miƙa mata babbar.

Ta gutsura. Gardi ya cika mata baki, da wani ɗan zaƙi a ƙarshe wanda ba ta san da me za ta kwatanta shi ba. Shekara tara tana aiki a kan gero, ta san lissafin jikinsa ciki da waje, amma yau ne ta fara sa shi a baki, don tun tana ƙarama gero ya yi wuya a birni.

Baffa Cindo ya ci nasa a hankali, ido a rufe, ya tsince ɓurɓushin da ya zuba a cinyarsa ya haɗa. A waje hadari ya sake haɗowa, ƙasar tsakar gida ta yi laushi, irin wadda manomi ke roƙo.

"Ya yi daɗi?" ya tambaye ta.

"Ya yi daɗi, Baffa."

"To, ki tauna da kyau, kada ki yi saurin haɗiyewa. Ni na kusa tafiya. In yara suka tambayi yadda gero yake, ke za ki faɗa musu."